Mutumin da Ya Hana Ƙanena Shiga Rijiya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar kasuwar Gaya labarin ya iso, da hantsi, a bakin direban babbar motar da ke kawo mana gishiri da kananzir daga birni. Ko kashe mota bai yi ba, ya leƙo ta taga ya ce, "Likita Isiyaku ya rasu a Kano, gawa na tafe." Ina tsaye a bakin rumfata da babbar rigar wani a kafaɗa ina nema mata mai saye. Na ajiye ta, na zauna.

Dole in fara da yaba wa mutanen garinmu. Ban taɓa ganin jana'izar da ta tara jama'a kamar wannan ba. An zo daga Kademi, an zo daga Balan, har daga ƙasar Ajingi an tako da ƙafa cikin rana. Mutanen da a da in sun hango farar motarsa sai su tuna sun bar akuya a sake a gida, su ne a sahun gaba. Aka yi ta rige-rigen ɗaukar makara. Na ga wani dattijo ya leƙa kabari, ya koma baya, ya sake dawowa ya leƙa, wai yana duba ko maginin ya gyara da kyau. Madalla da wannan zumunci. Sai dai ni dillali ne, kallon fuska shi ne sana'ata. Na san fuskar mai baƙin ciki, na kuma san fuskar wanda ya zo ya gani da idonsa cewa kaya sun tashi.

Allah ya yafe mini, da na ji rasuwar ba iyalinsa ne suka fara faɗo mini a rai ba. Ƙanena ne, Ɗanlami, maginin rijiya a Toranke. Marigayi ne ya hana shi shiga rijiya, kuma bakin marigayi kaɗai ya riƙe shi a bisa ƙasa har yau. Ga fari, ga rijiyoyi sun ƙafe, ga mai hanawa a makara.

Ni da Isiyaku benci ɗaya muka zauna a elemantare. Ni na tsaya a aji huɗu don kasuwa ta fi allo yi mini magana. Shi ya wuce Midil, ya wuce gaba, har ya tsallaka Turai. Gab da yaƙin basasa ya dawo, aka ce ya zama likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa a babban asibitin birni. Da na je yi masa barka na tambaye shi me ya ƙware a kai. Ya ce jiri, da tangaɗi, da rawar ƙwayar ido.

Na ce, "Haba Likita! Duk cututtukan duniya, ka keta teku ka koyo jiri? Ai ko yaran unguwa in sun yi hajijiya sun san wannan."

Bai yi dariya ba. Dama ba mai yawan dariya ba ne. Ya ce, "Dillali, ƙwaƙwalwa ɗaki ne a kulle. Ido ne kawai tagar da aka bari a buɗe."

Bayan an gama yaƙi ya soma zuwa Gaya ranar kasuwa. Ba asibiti yake nufa ba, rumfata yake zuwa, ya zauna a kan buhu yana kallon tafiyar mutane. Sai ya dafa ni ya ce, "Wancan mai ware ƙafafu kamar yana taka taɓo, wane ne?" Ko kuwa, "Akwai wanda ba ya gane ka in yana tafiya, sai ya tsaya cak?" To wannan kam ina da su. Akwai manoma da dama da aka ce girman kai ya shige su don sun daina amsa gaisuwa a hanya. Akwai wani ladani da ake raɗe-raɗin ya fara sha, saboda da asuba yana bin bango yana layi. Ni nake kirawo su, shi yana duba su a bayan rumfa.

Ga yadda yake yi. Ya ɗaga yatsa ya ce a bi shi da ido, dama da hagu. Ya tallabe kan mutum ya juya da sauri yana kallon ƙwayar idon. Wani lokaci ya ɗura ɗan ruwa a kunne ya jira ya ga ko ido zai yi rawa. Sa'an nan ya tsayar da mutum a kan tulin yashi ya ce ya rufe ido. Kafin mutum ya tafi luu, hannun Likita na bayansa. Ban taɓa ganin ya bar wani ya kai ƙasa ba, ban kuma taɓa ganin ya bar 'yan kallo sun yi dariya ba. In jiri ya sa mutum amai, da kansa yake riƙe ƙwarya. Ladanin nan kuwa, har ƙofar masallaci ya raka shi, ya gaya wa liman a gaban jama'a cewa wannan bawan Allah bai taɓa kurɓar komai ba, kunnensa ne ya mutu ta ciki.

Matsala ta farko ita ce mu ba ma kallon babba ido cikin ido. Ka ce wa talaka ya dubi likita, sai ya ƙara sunkuyar da kai, domin tarbiyyar da aka yi masa ke nan. Likita ya yi magiya ya gaji. Sai ya samo dabara: ya zaunar da mutum a kan kujera, shi kuma ya tattare rigarsa ya durƙusa a ƙasa, yadda idon da aka sunkuyar zai faɗo a kansa. Ni na san tawali'u ne da son aiki. Amma ku duba abin da idon ɗan kasuwa. Babban mutum mai mota, ya durƙusa a gaban mai noman gero, ya riƙe masa kai, yana leƙa cikin idonsa, kuma bai karɓi komai ba. Tun daga nan wasu suka fara tambayata a asirce, "Wai me yake ɗiba a ciki?"

Abin da yake ɗiba bai wuce amsar tambaya ɗaya ba. Kowa ya duba sai ya ce masa, "An taɓa yi maka allura?" A shekarun nan kasuwanninmu sun cika da masu allura. Kowa ya taɓa wanke sirinji a wani wuri sai ya sayi jaka ya zauna a gindin bishiya. Akwai wata allurar tari da suke ji da ita, farin gari a 'yar kwalba, ana haɗa shi da ruwa. Tari, ciwon mara, kasala, duk ita ce, kuma mai lafiyar aljihu ya ce a ninka masa. Likita ya ce maganin na ƙwarai ne in an auna shi a asibiti, amma in ya yi yawa yana ƙone wani ɗan abu can cikin kunne, abin da ke gaya wa mutum ina ne sama, ina ne ƙasa. In ya ƙone, ya ƙone ke nan. Yakan ce, "Abu uku ke tsayar da ɗan Adam: idonsa, da tafin ƙafarsa, da cikin kunnensa. In ɗaya ya tafi, biyu za su riƙe shi. Kada dai ya je inda za a karɓe masa biyun."

Wannan magana ita ya rubuta aka karanta a ƙasashen da ban san sunansu ba. Na ji an ce saboda ita likitoci suka ƙara hattara da allurar, suna gwada tafiyar mara lafiya da idonsa tun kafin ɓarna ta yi nisa. Ɗalibansa suka riƙa biyo shi har rumfata, samari masu fararen riguna, suna ɗaga wa manoma yatsa. Wani a cikinsu ya ce mini yanzu ko a wasu manyan asibitoci ana yin gwajin tulin yashi, sai dai su a kan katifa suke yi. Na ce to, Allah ya sa katifar ta fi yashin bayan rumfata albarka.

Yanzu kuma sai in faɗi aibinsa, don yabon da babu gaskiya a ciki ba ya amfanar mamaci. Likita Isiyaku bai iya baki ba. Mu nan in za a ambaci sharri, sai an yi masa shimfiɗa. A ce Allah ya kiyaye, a ce ba fata ba, a ce maƙiyinka ne zai faɗi, ba kai ba. Ko yaro ya san ba a nuna mutum a ce masa za ka mutu. Shi kuwa ya baro wannan a jirgin da ya kai shi Turai. Na sha ja masa kunne. Na ce, "Likita, ko goro sai an naɗe shi a ganye." Ya ce, "In na naɗe, sai su ɗauki ganyen su bar mini goron."

Wata rana aka kawo masa wani masunci daga bakin kogi ta wajen Ajingi, sunansa Ila, ƙato, wanda tun yana yaro yake nutso. Ya sha allurar nan saboda tari. Likita ya duba shi, ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya ce a gaban kowa, "Ila, kada ka ƙara shiga ruwa. In ruwa ya rufe kanka ba za ka san ina ne sama ba. Za ka mutu a ruwan da bai wuce ƙirjinka ba."

Mai sayar da tabarma da ke kusa da mu ya tofar da yawu ya matsar da kayansa. Ila ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ruwa ne ya goya ni."

Da rani ya yi aka fita su a kogi. Ila ya nutsa zai ciro komarsa da ta maƙale. Waɗanda ke wurin sun ce sun ga ƙafafunsa sun fito sama suna harbawa, yana haƙa laka da hannu kamar mai neman ƙofa a ƙasa. Da aka ciro shi, mutumin da ya ciro shi a tsaye yake, ruwan iya ƙirjinsa.

Kuna tsammanin daga ranar aka ce Likita ya san aikinsa? Aka dai ce ya san aikinsa, amma ba aikin asibiti ba. Aka ce ya leƙa idon Ila, ya yi masa baki, har ya auna masa zurfin ruwan. Masu allura, waɗanda kasuwarsu ta fara sanyi, suka taya da yaɗawa. Rumfata ta zama wurin da uwa ke jan hannun ɗanta in za su wuce. Ya ji duk abin da ake faɗa. Bai daina zuwa ba. Ya je ta'aziyyar Ila, aka bar masa tabarma guda shi kaɗai, ya zauna a kai har aka shafa fatiha.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne abin ya zo gidanmu. Ɗanlami ya yi tari irin na masu aiki a rami, ya je gindin bishiya aka yi masa maganinsa. Tari ya tafi. Bayan nan na gan shi yana tahowa cikin kasuwa, ƙafafu a ware, ya wuce ni bai gaishe ni ba, ni da na goya shi. Da ƙyar na jawo shi rumfa, don cewa ya yi, "Yaya, ka rufa mini asiri, kada ka kai ni gun mutumin nan." Kafin su haɗu na ja Likita gefe na ce, "Wannan uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Don Allah yau kaɗai ka yi shimfiɗa."

Ya durƙusa, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya ce, "Ɗanlami, a rijiya duhu zai karɓe idonka, igiya ta karɓe ƙafarka. Babu abin da zai rage maka. In ka sake shiga, za ka faɗa, kuma ba za a fito da kai da rai ba."

Ɗanlami ya tashi ya fita. Ya koma Toranke ya jingine daginsa a bayan rumbu, ya kama noma da saƙar igiya, aikin da ake yi da rana a kan ƙasa mai tauri. Mutumin da dagatai ke aika wa da doki a ɗauko shi, ya koma yana zaune a inuwa yana murza rama. Amma yana da rai.

Na ce wa Likita, "Ka gani? Ya ji magana."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Bai ji ba. Ba kunnensa yake tsoro ba, bakina yake tsoro. Kunnen nan yana tare da shi har kabari. Bakina kuwa yana da ranar rufewa." Ya sha zuwa Toranke don ya fahimtar da shi, yana zana masa cikin kunne a ƙasa da tsinke. Daga baya, duk ranar da aka hango motar, sai Ɗanlami ya bi ta bayan gida ya shige gona.

To bakin ya rufe. Ciwo ne na 'yan kwanaki, a asibitin da ya yi wa aiki, a hannun ɗaliban da ya koyar.

Bayan sadakar uku na hau mota zuwa Toranke, na tafi da ɗaya daga cikin ɗaliban nan da suka zo makoki, saurayi mai ladabi, wanda aka ce shi zai gaji aikin. Tun daga bakin gari muka ga halin da ake ciki. Damina ta sake yaudarar mutane, babbar rijiyar gari guga sai ya kwaso laka, mata na tafiya mai nisa da tulu, Fulani sun fara kaɗa shanu kudu. Mun sami Ɗanlami a ƙofar gida yana wasa dagi a kan dutse. Sabuwar igiya na naɗe a gefensa, mai kauri, irin wadda ba a saƙa wa guga.

Ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan mutumin, ai mun yafe masa."

Na ce, "Kun yafe masa me?"

Ya ce, "Abin da ya wuce ya wuce. Mai unguwa ya zo da dattawa. Sun ce a ƙara wa rijiya zurfi, kuma duk ƙasar nan babu wanda ya san cikinta sai ni, ni na gina ta. Yara biyu sun gwada, sun taras da dutse sun fito."

Na dubi ɗalibin. Ya ɗaga yatsa, ya juya kan Ɗanlami, ya yi komai yadda malaminsa ke yi, har durƙuson. Muka tsayar da shi a kan tulin yashi ya rufe ido, nan take ya tafi, muka tare shi. Na ce to, Likita ƙarami, gaya masa. Yaron ya gyara murya ya ce, "Baba, Allah dai ya kiyaye. Ba fata ba, amma irin wannan aiki yana son hattara. In da hali a ɗan dakata."

Ɗanlami ya washe baki ya ce, "Ka ji likitan ƙwarai! Allah ya yi maka albarka, ɗana. Hattara ai ita ce sana'armu. Dakatawa kuwa za a dakata, sai an yi arba'in ɗin mutumin. Wannan ɗan layin da kuka gani, sauran bakin mutumin ne, yana kan sakina."

Yaron ya gaji yatsa, ya gaji durƙuso, bai gaji baki ba. An yi masa tarbiyya.

Ni na shekara talatin ina lallashin mutane su sayi abin da ba su yi niyya ba. Na yi ta zagaye, na kawo zancen 'ya'yansa, na kawo zancen Ila. Ya ce Ila ai lokacin mai bakin na da rai. Da na ga duk ganyen ya ƙare, sai na dubi tsakiyar idonsa na ce, "Ɗanlami, ba baki ba ne. Kunnenka ya mutu. In ka shiga rijiyar nan za ka faɗa, gawarka za mu jawo."

Asabe matarsa, wadda ba ta taɓa ɗaga murya a gabana ba, ta yi salati daga bayan zana. Ta ce, "A'uzubillahi! Yaya, kai ma? Ashe ya bar maka bakin?"

Dattawan da ke zaune a gindin dalbejiya suka dube ni, suka dubi juna. Ɗaya ya jawo jikansa kusa da shi. Ɗanlami ya ajiye dagi. Can ya ce, "To Yaya, tunda kai ka faɗa, kai za ka kwance. Ranar ka zo ka riƙe mini igiya da hannunka, kowa ya ga ba ka nufe ni da sharri ba. In ka ƙi zuwa, to, an san dalili."

Ni da ɗalibin muka hau mota muka dawo Gaya. Ranar kasuwar da ta biyo baya, mai tabarma ya sake matsar da kayansa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isiyaku. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ya durƙusa wa talakawanka, ka ɗaukaka shi. Ya tare bayinka kafin su kai ƙasa, ka tare shi ranar da ƙafafu ke zamewa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ka raya su cikin rufin asiri, ka tsare su daga abin da aka faɗa a kan ubansu. Ka ba ɗalibansa albarkar karatu, ka ƙara musu da ɗan ƙarfin hali. Ka saukar mana da ruwa, ya Ubangiji, ko rijiyar nan ta cika ta hutar da mu. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Sama dai har yanzu fes take, kuma arba'in ta kusa. Na ji an ce za a yi taro babba, har da yanka, don jama'a na son su sallami marigayi yadda ya kamata. Ni na riga na yanke zan je Toranke in kama igiyar, don gara ta kasance a hannuna. Ku kuma masu hikimar gane mugun baki, da kuka cika maƙabarta ranar nan, a cikinku wa zai zo ya kama mini ƙarshenta?